Yaya Ba Ta Zama a Ajin Auta

A kamfanin da take aiki, kowa Anti Kebul yake ce mata, har manaja. In intanet ya ɗauke a kowane bene ita ake kira, ta fito daga ɗakin na'urori da rigar sanyi a jikinta ko da gari ya ɗau zafi, don sanyin ɗakin nan har ƙashi yake shiga. Tun tana budurwa take haɗa kwamfutocin kamfanin, har furfura ta fara leƙowa. Mace ce mai kirki, amma fa akwai taurin kai. In ta ce a'a, ko ka wuni kana magiya ka yi a banza.

Ita ta raini ƙaninta bayan rasuwar iyayensu. Ita ta koya masa matse kan kebul, tana ranƙwashinsa in ya juya launukan wayoyin. Yaro ya girma ya wuce ta a karatu, ya zama malami a wata cibiya da ke horar da masu neman babbar takardar shaida ta wannan sana'a. A gida kuwa har gobe Auta ne.

Ana nan sai kamfani ya koma hannun wasu. Suka ce duk mai riƙe da ɗakin na'urori ya kawo wannan takarda kafin ƙarshen shekara, in ba haka ba ya nemi wani aikin. Jarabawar kuma ba wasan yara ba ce. A gaban sababbin na'urori ake zaunar da mutum, an riga an dagula su da gangan, a ce gyara kafin lokaci ya cika.

Da Auta ya ji, ya zo har gida ya same ta tana guga.

"Yaya, ki zo wajenmu," in ji shi. "Muna da na'urorin, irin na jarabawar sak. Da hannunki za ki taɓa su."

"Ni in zauna a benci kana tsaye kana yi mini bayani? In ɗaga hannu in ce Malam ban gane ba? Kai da na yi wa wanka?"

"Ai ba wanda zai san ke yayata ce."

"Ni zan sani."

Ya sosa ƙeya, ya yi mata sallama ya tafi.

Ta yi ta yawon neman wata makaranta, har ta samu ɗaya a saman wani jerin shaguna, da ƙaton allo da hotunan waɗanda wai sun ci. Ta leƙa ajin, ba komai sai kujerun roba da fanka. Ta tambayi mai wajen ina na'urorin.

"Haba Anti, na'ura ta mece ce?" ya ce yana washe baki. "Tambayoyin bara duk suna hannunmu. Ke dai ki haddace."

Ta san zancen banza ne. Wallahi ta sani! Wanda ya tsufa a sana'ar nan ba a yi masa wannan burga. Amma a nan ba wanda ya san ta, za ta iya lafewa a kujerar baya ba ruwan kowa da ita. Girman kai rawanin tsiya. Ta sa hannu ta shiga.

Wata da watanni tana hadda kamar 'yar firamare, a mota, a bakin murhu, har a ɗakin na'urorin. Duk sa'ad da Auta ya ce ya karatu, sai ta ce lafiya lau ta sako wata maganar.

Ranar jarabawa ba ta ga ko tambaya ɗaya daga cikin waɗanda ta haddace ba. Matsalar farko ta warware ta da sanin da ta yi wa aikin. Daga nan aka shiga tsarin sababbin na'urori, wanda a takarda kawai ta taɓa gani. Ta rubuta umarni, na'ura ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Gumi ya jiƙe mata baya, tana ji na kusa da ita suna ta danne-dannensu a na'ura. Tun kafin sakamako ya fito ta san ta faɗi.

A ƙarshen shekara aka sallame ta cikin mutunci, har da godiya da addu'a. Ta miƙa makulli ta sauko, masu gadi suna sunkuyar da kai don tausayi.

Da yamma Auta ya shigo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Baƙin ciki ya ishe ta, ta rasa a kan wa za ta sauke shi.

"Kai ma da laifinka," ta ce. "Kana gani ina gangarawa rami. Me ya hana ka matsa mini?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Yaya, tun ina yaro in kin ce a'a ba na sake magana. Ke kika koya mini haka."

Ta buɗe baki za ta yi masa faɗa, sai kuka ya ƙwace mata. Shi kuma ya rasa inda zai sa kansa, don bai taɓa ganin hawayen yayarsa ba.