Doña Eduviges da rawar da aka ce ta ƙauye ce

A da, kowace Asabar da yamma, Doña Eduviges takan ja buhunan shinkafa gefe a kantin ƙanenta da ke unguwarmu a Santiyago, ta share ƙasa, ta kunna rediyo. Shekara arba'in ta yi tana koya wa 'ya'yan unguwa rawar bachata a wannan lungu. Dokarta ɗaya ce: tayil huɗu ne filinka, ƙafa ke amsa gita, kafaɗa ta zauna lafiya.

Ta fara tun lokacin da masu kuɗin garin nan ke yatsina fuska, wai kiɗan mashaya ne da 'yan aikin gida. Yau jikokinsu ke layi Turawa su koya musu. Wannan abu yana ci mini rai.

Bara ɗalibarta Yokasta ta shiga gasa a wani otal na bakin teku. Alƙalin, baƙo ne da ya koyi rawar a bidiyo, ya fitar da ita tun zagayen farko, wai ba ta lanƙwasa baya, ba ta kaɗa gashi. Ta dawo ta ce ita da rawa har abada.

"Doña, sun ce irin tamu ta ƙauye ce."

"Ta ƙauye ce mana, da ta ina ce? Ɗauko takalminki, 'yata."

Suka yi tafiyar awa biyar a bas zuwa otal ɗin, suka tarar ba a gama gasar ba. Wani mai wanke-wanke a otal ɗin ne ya ba ni sauran labarin. Tsohuwa ta ratsa zauren ta ce wa alƙalin, "Ɗana, zo ka riƙe ni." Ya yunƙura zai kwantar da ita baya, ta cije. "Ni ba katifa ba ce. Saurari gitar." Bawan Allah ya tsaya yana ƙirga taku da leɓe, ita kuwa ƙafafunta na hira da kiɗa. Masu girki da masu shara suka cika ƙofa suna tafi.

Ba a mayar da Yokasta gasar ba. Masu gadi ma suka raka tsohuwar waje, wai ba ta da tikiti.

Doña, ke ce aka kora daga zauren da ake cin abinci da rawarki, kika fito kai a sama. Ke ce kika dawo mana da Yokasta. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ke, ita ke koyarwa, kina daga kujera kina mata faɗa. Mun gode, uwar rawa.

Duk mai tsohuwa a gida, ya tashi ya roƙe ta rawa tun ƙafarta na ɗaukarta, kafin wani baƙo ya zo ya gaya mata ba ta iya ba.