Yadda Na Kashe wa Hajiya Kasuwar Anko

Ni tun a Kano ban taɓa jin kunyar gwanjo ba. Mahaifiyata ce ta koya mini zaɓe: a juya riga a duba ɗinkin ciki, a ɗaga ta a rana ko akwai huji, a shinshina hammata. Da maigidana ya samu gurbin karatu a Greensboro, muka biyo shi ni da 'yarmu, wurin da na fara sakin jiki da shi a garin shi ne wani shagon gwanjo a Gate City Boulevard, kusa da kantin da muke sayen manja. Komai a rataye, babu turereniya. Ulu na gaske, auduga mai kauri, irin kayan da aka yi don su daɗe.

Aikina ma ya ƙara mini son gwanjo. A wani sito nake a Wendover, inda ake dawo da kayan da mutane suka saya ta waya suka fasa. Riga sabuwa fil, don maɓalli ɗaya ya tsinke sai a wurga ta kwandon zubarwa. Waɗanda suka tsira kuwa, wanki biyu sun saki jiki. Kullum da takaicin wannan ɓarna nake tashi daga aiki.

Da sanyi ya shigo na samo wa 'yata wani jan kwat mai maɓallan katako. Shekarunta goma sha biyu a lokacin. Don murna, har a cikin gida sai na yi da gaske take cire shi. Da shi ta tafi wani suna da aka gayyace mu, kuma a can muka gamu da Hajiya.

Hajiya matar wani Alhaji ce da ya daɗe a garin, kuma ita ke da kasuwar anko. Suna ne, biki ne, walimar kammala digiri ce, ita za ta zaɓi atamfa ko leshi, ta sa hoton a zauren matan da muke da shi a waya, kowa ta saya a wurinta. A ɗinka, a sa rana ɗaya, a yi hotuna, a jefa akwati. Wadda ba ta yi anko ba, kujerar bakin ƙofa ce tata, abinci ma sai ya huce yake isowa gare ta. Ni ban yi ba, tsohuwar atamfata na goge na ɗaura.

Hajiya tana zagayen gaisawa ta tsaya a kanmu, ta kama hannun kwat ɗin tana murzawa.

"Ke 'yar nan, wannan kwat haka mai kyau, a wane mol?"

Yarinya ba ta san dawan garin ba. Ta washe baki ta amsa da Turanci cewa a shagon gwanjo mamanta ta samo mata. Hajiya ta saki kwat ɗin, ta goge yatsunta a mayafi, ta ɗaga murya yadda har teburin gaba za a ji.

"Subhanallahi! Kayan matattun Turawa kuke sa wa yarinya? A Amurka? Haba ƙanwata, in abin ya yi tsanani ki yi magana mana, sai a haɗa muku ɗan taimako."

Aka yi dariya. Ta manya ba ta dame ni ba, ta 'yan matan da suke sa'anninta ce ta ƙona mini rai. Ina kallo 'yata ta zare kwat ɗin ta cusa ƙarƙashin kujera, da muka tashi kuma haka ta taka har mota a cikin sanyin nan, haƙoranta na kaɗawa.

Daga ranar ta daina zuwa Islamiyyar ƙarshen mako. Ta daina bi na taro. In na yi mata Hausa sai ta mayar mini da Turanci, in baƙi suka zo ta kulle ɗaki. Ba abin da nake tsoro a ƙasar nan kamar 'yata ta tashi tana gudun mutanenta, ga shi mace ɗaya ta jawo mini da baki. Maigidana ya ce in bar ta da Allah. Na ce na bar ta da Allah, amma ban ce zan naɗe hannu ba.

Na san abu ɗaya: kowace mace a garin nan tana da akwatin anko da ta rasa yadda za ta yi da shi, kuma kowacce tana ƙunƙuni a bayan idon Hajiya. Na fara da wata maƙwabciyarmu, 'yar zangon Kumasi mai ɗinki, wadda kowa ke kira Anti. Ban gama bayani ba ta tafa hannu.

"Ei, ƙanwata! Ni ma na gaji paa. Kabad ɗina ya cika, kuma in za ni fita ba ni da na sawa."

Ana saura 'yan makonni Sallah muka tara matan garin a falona. Kowa ta kawo abin da ta gaji da shi, ta ɗauki abin da ya yi mata, babu saye babu sayarwa. Anti ta kafa kekenta a lungu tana ragewa tana ƙarawa. Leshin da wata ta tsana ya zama abin da wata ke rawar jiki a kai. Na yi musu wa'azin almubazzaranci, na ba su labarin kwandunan sitonmu, Anti ta ba su na tsummokaran da ake jibge wa ƙasashenmu har su toshe magudanan ruwa. Duk gaskiya ne, kuma har zuciyata na yarda da shi. Sai dai duk kalmar da na faɗa, fuskar Hajiya nake gani, kuma daɗi nake ji.

Ƙarar keken ce ta fito da 'yata daga ɗaki. Da farko leƙe, sai tsayuwa, sai ga ta tana riƙe wa Anti bakin zane. Anti kuwa ba ta amsa Turanci in tana kan keke, dole yarinya ta lalubo Hausarta. Kafin bazara ta haɗa wa kanta jaket da ragowar anko biyu, 'yan matan nan da suka yi mata dariya suka dawo suna layi a yi musu irinta.

Sunan da ya biyo baya, mai jegon ta ce kowa ta sa kore daga abin da take da shi. Na gaba aka ce shuɗi. Hajiya ta sa hoton wani sabon leshi a zaure, aka yi tsit, sai wata tsohuwa da ta rubuta Masha Allah. Na buɗe hoton nan ya fi a ƙirga, ina dariya ni kaɗai a wurin aiki. Labari ya iso mini cewa tana kirana dillaliyar tsumma. Na ce a gaya mata na gode, sunan ya yi mini.

Taron musanyarmu na kafin babbar Sallah, ina kicin ina suyar masa, falo cike, sai na ji hayaniya ta ɗauke. Na leƙa. Hajiya ce a bakin ƙofa, tana jan wata ƙatuwar jaka mai taya. 'Yata ce ke karɓar kaya ranar. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta zuge jakar. Atamfofi ne da lesuka a ledarsu, ankon da ya yi kwantai.

"Na ce bari in kawo a gani, ko wata za ta so," in ji Hajiya, murya ƙasa-ƙasa.

Anti ta hana kawo sabon kaya tun farko, don kada a mayar mana da falo kasuwa. 'Yata ta mayar da zif ɗin a hankali, ta ɗago kai, ta yi magana da Hausa tas.

"Ki yi haƙuri, Hajiya, ba ma karɓar sabo. Sai wanda aka sa aka wanke."

Hajiya ta waiwayo wajen kicin tana nemana da ido. Tarbiyya ta ce in fito in tsawata wa yarinya, in ba babba wurin zama, in kawo mata ruwa. Na koma gaban tandata na ci gaba da juya masa. Ina jin jakar tana dukan matakalar bene har ta kai ƙasa, sannan na ji muryar 'yata tana ce wa ta gaba, "Sannu da zuwa, Mama, kawo in gani."

Masa ɗaya ta ƙone a tanda saboda tsayuwar da na yi ina saurare. Na ciro ta na cinye a tsaye, kuma tunda na zo ƙasar nan ban ci abin da ya kai ta daɗi ba.