Aiken Hajiya Ladi da na yi ta ce wa gobe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina wurin mai shayi a bakin layinmu nan Briqueterie, ban ko tsoma burodi ba, telefon ya yi ƙara. Hajiya Ladi ta rasu. Bayan asuba, a ɗakinta a Nkomkana, ba wani dogon ciwo.

Na daɗe a kan bencin nan ban motsa ba.

Ga wanda bai san ta ba, ungozomar lopital ce, wato asibiti, ta yi aiki a maternite, sashen haihuwa, har ta yi ritaya. Mu sa'o'inta muka zauna muna jan carbi da ƙorafin gwiwa, ita kuwa ta shiga ƙauyukan bayan Yoko da Tibati tana koya wa ungozomomin gargajiya. Ni ne direbanta. Yaya Garba take ce mini, ko da tana yi mini faɗa.

Kayan aikinta ba su cika jaka ba. Sabulu, sabuwar reza, zare mai tsabta na ɗaure cibi. Za ta durƙusa har ƙasa ta gaida tsohuwa, ta ci tuwonta, sannan ta fara magana. Wata ta taɓa ce mata, "Ke yarinya, ni na yanke cibin jauro, mai garin nan." Hajiya ta ce, "Shi ya sa na zo wurinki, Inna. In kin wanke hannu, duk garin zai wanke."

Takan ce musu in jini ya jiƙe zane biyu, aikin ya fi ƙarfin ɗaki, a nufi lopital.

Sai wata rana muka isa wani ƙauye, ba zan faɗi sunansa ba, muka tarar ana zaman makoki. Mace ce ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Ungozomar ta gane, ta ce a tafi. Babur na nan, hanya a bushe. Amma mijin ya bi shanu, kuma ba wanda zai fitar da matar wani daga gida ba da bakinsa ba. Suka yi ta jiran ya dawo.

Sai da muka hau babban titi Hajiya ta juyo wurina. Ta ce, "Yaya Garba, mata na yi ta koya wa. Na manta da mai gidan."

Daga nan ta kawo tsarinta. Ciki na kai wata bakwai, miji zai zauna gaban uwarsa da ungozoma ya faɗa da bakinsa: in ta kama a kai ta lopital, a kai ta, ina nan ko ba na nan. Ni aka ɗora wa zama da mazan. Ta ce, "Surutun nan naka da kake cika mini kunne da shi a mota, yau ya sami aiki."

Ni kuwa a gindin kakata na tashi, ban iya shiga magana ta ƙofa ba. Sai na zagaya ta farashin shanu da labarin wani mutum a wani gari, kafin su farga sun amsa.

Talatar da ta wuce Hajiya ta zo gidana a kan babur, da man zafi a leda saboda gwiwata. Ba ta ko zauna sosai ba. Ta ce Inna Dije, ɗaya daga cikin ungozomominta, ta kira ta. Akwai wata Hurera a ƙauyensu, cikinta ya shiga wata tara, haihuwarta ta baya da ƙyar jini ya tsaya. Mijin, Alhaji Bello, falken shanu ne, bai bar izini ba. Yana nan Yaoundé, kullum da la'asar yana wurin masu suya na unguwarmu.

"In ni na je zai ce zancen mata ne. Kai je ka."

Na ce gobe, in sha Allahu.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Gobenka na san ta, Yaya."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Laraba gwiwa, Alhamis ruwan sama, Juma'a kuma Juma'a ce. Wurin suyan nan daga ƙofata ko yaro mai rarrafe zai kai.

Yau da muka dawo daga maƙabarta ban shiga gida ba. Na wuce wurin masu suya, na sami Alhaji Bello zaune da takardar suya a gabansa. Karon farko a rayuwata ban zagaya ba.

Ya ce, "Baba, iyalina huɗu ta haifa a ɗaki."

Na ce, "Na huɗun fa, yaya aka ƙare?"

Ya ture takardar suyar gefe. Can ya ce, "Mutane za su ce na kai ta maza su duba."

Na ce, "Alhaji, ƙasar da ke takalmina ta kabarin matar da ta aiko ni ce. Kwana huɗu na riƙe saƙonta. Ni dai na sauke, ya rage naka."

Ya dubi takalmin. Ya goge hannunsa, ya ciro telefon, ya kira Inna Dije ya ce ta kai wa mahaifiyarsa telefon ɗin. To, kun san rezo na ƙauye, layin waya ba ya kamawa sosai. Ya faɗa, ba su ji ba. Ya miƙe tsaye ya sake. Na uku sai da ya fita tsakiyar titi, 'yan babur na kauce masa, yana ɗaga murya: "Na ce in ta kama a kai Hurera lopital! Ina nan ko ba na nan!"

Mai suya ya ɗaga wuƙarsa ya ce, "Mun shaida, Alhaji."

Na koma gefe na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Allah ya jiƙan Hajiya Ladi, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta, ya sa duk jaririn da ya sha iska ta dalilinta ya zama nauyi a mizaninta. Ni ma ya yafe mini jinkirina.

Wanda ya karanta, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku. Ku haɗa da Hurera a addu'ar, har yanzu ba ta sauka ba.