Kwalin da Dido Orest Bai Juya Ba

Da safiyar Talata, 11 ga Fabrairu, ina cikin ɗumama injin motar 'yan makaranta Luba ta kira ni ta ce mijinta, Orest Demchuk, ya rasu. Ya fita share dusar ƙanƙara daga bakin ƙofa, ya jingine shebur a bango, ya zauna a kan matakala kamar mai hutawa, bai ƙara tashi ba. Shekarunsa saba'in da huɗu. Na kwashi yaran da nake ɗauka na kai su makaranta kamar kullum, domin ba wanda zai kai su in ba ni ba. Sai da motar ta zama fanko na faka a bayan rumbun hatsi na yi kukana.

Dido, haka duk garin Verba yake kiran ka, wato kaka, har waɗanda suka girme ka. Ba ka son yabo, na sani. Da kana nan da ka ce in daina ɓata takarda in je in yi atisaye. To, yau ba ka da bakin hana ni, zan faɗi abin da na sani.

Kai ka kafa ƙungiyar harbi da bindigar iska a garin nan, a ɗakin ƙasa na zauren taro. Harbin yana son mita goma cif daga mai harbi zuwa kwalin da ake saitawa, ɗakin kuwa ya gaza da taku ɗaya. Ka rubuta wa majalisar gari kana neman izinin fasa bangon tsohon ɗakin gawayi, suka ce za su duba a zama na gaba. Kafin zama na gaba ka riga ka kawo babbar guduma daga garejinka. Da shugaban majalisa ya sauko ya ga ɓaraguzai ya fara faɗa, sai ka miƙa masa bindiga ka ce ya gwada ɗaya kafin ya ci gaba. Mutumin nan ya mutu yana memba.

A ƙasar da kowane gida yake da bindigar farautar barewa, an daɗe ana yi muku dariya, ana cewa manya sun koma wasan yara. Ba ka taɓa musu da kowa ba. Sai dai ka nuna wa mutum tsakiyar kwalin, ɗigon da bai fi wanda ake sawa a ƙarshen jimla girma ba, ka ce ga maki goma nan, bismillah. Maharban barewa kan damƙe bindigar da ƙarfi, su danna ta a kafaɗa suna jiran duka, su fizgi kunama, su ɗaga kai tun ƙwayar dalma ba ta bar bakin bindiga ba. Kai kuwa sai ka ce su sassauta, wannan ba ta duka, kuma ba ta yafe gaggawa. Da yawansu a haka suka shiga hannu, har da Gunnar Thorvaldson da Wes Friesen, waɗanda suka zama abokan tawagarka.

Ba wanda ya taɓa komawa gida don ba shi da kaya. Rigunan harbin nan na tamfol masu nauyi, waɗanda suke riƙe bayan mutum ƙiƙam, ka tara tsofaffinsu a kabad, kana facinsu da allurar ɗinkin buhu. Tukunyar iska irin ta masu nutso a teku ka sayo don cika bindigogi, a garin da ko kogin kirki babu, kana ɗora ta a bayan mota kana kai ta birni a cika. Ƙwayoyin dalma kuwa ɗaya bayan ɗaya kake dubawa, wadda gindinta ya lotsa ka ware ta. Luba ta ce rariyarta biyu ka lalata da wankin dalma, har sai da ta fara ɓoye kayan kicin kamar a gidan da ɓarawo yake kwana.

Amma abin da ba za mu manta ba shi ne dokarka. Duk wanda ya yi harbi, ba zai duba kwali ba sai ya faɗa da bakinsa inda ta faɗa. Kana tsaye a baya da kofin gahawa, sai a ji ka ce, "Ina ta faɗa?" Mutum ya ce tara, sama. In ya dace, ka yi ɗan gurnani ta hanci, wannan shi ne iyakar yabonka. In ya ce goma aka tarar bakwai, sai ka ce idonsa a rufe yake, ko kuma ƙarya yake yi wa kansa. A wurinka wanda ya harbi bakwai ya san bakwai ya harba ya fi wanda ya sami goma bai san yadda aka yi ba.

Ni Darlene, a hannunka na koya, tun ina amarya. Na kai matsayin da ake sa sunana a gasar lardi a Winnipeg, kuma ban ji kunya ba. Sai wata shekara, a tsakiyar gasa, ciwon da maharba ba sa son ambata ya same ni. Na ɗaga bindiga, baƙin da'irar kwali ya zauna daram a cikin zoben saiti, numfashina daidai, amma yatsana ya ƙi taɓa kunama. Kunamar da ko ƙuda ya sauka a kanta za ta tashi. Na sauke, na sake ɗagawa, haka dai. Da zarar idona ya ga baƙin nan, yatsan sai ya zama na wani. Lokaci ya ƙare ban gama rabin harbina ba. Na dawo gida na sayar da bindigata da rigata, na ce an gama. Ka bar ni, ba ka yi mini wa'azi ba. Shekara da shekaru muna haɗuwa a coci da kantin gari, ba ka taɓa tayar da maganar ba.

Sai bara da kaka, bayan an gama girbi, na fito daga mota na tarar da kai a jingine da shinge. Ka ce mini zuciyarka ta fara tsalle. Ba likita ne ya fara gani ba, kai ka gani a cikin zoben saiti. Mai harbi yana ganin bugun zuciyarsa a bakin bindiga, yana sakin harbi a tsakanin bugu da bugu. Ka ce naka bugun ya daina bin ƙa'ida, yakan yi shiru sannan ya zo biyu a tare. Likita daga baya ya tabbatar. Tawaga mutum uku ce, an riga an sa sunan Verba a gasar watan Afrilu, kuma tun da aka kafa ƙungiyar garin nan bai taɓa fashi ba. Sauran membobin duk sababbin hannu ne. Ka ce ni zan tsaya a gurbinka.

Na ce, "Dido, ka manta yatsana ya mutu?"

Ka ce, "Bai mutu ba, direba, tsoro yake ji. Ki zo ranar Asabar, kada ki sa in zo in ɗauke ki a gaban yaranki."

Na je, ina ƙunƙuni. Ka sa mini tsohuwar riga, ka miƙo mini bindigarka, wadda ko Gunnar ba ka bari ya taɓa. Sannan ka ɗauki kwali ka juya shi, ka maƙala shi ta baya, fari fat, babu da'ira babu lamba. Ka ce in harba. Na ce in harbi me? Ka ce farin. Na ɗaga, ba abin da zan nufa, ba abin da zan kuskure, sai kawai na ji tas. Yatsan ya tafi da kansa. Na juyo na kalle ka, kai kuwa gahawarka kake sha kamar ba abin da ya faru.

Haka muka yi duk lokacin sanyin nan. Kowace Asabar da safe, ko hanya ta toshe da ƙanƙara sai ka zo da tarakta ka buɗe. Farin kwali nake harbi, in faɗi inda ta faɗa, hagu ko dama, ka yi gurnani ko ka yi shiru. Da na fara jin ƙarfi na matsa maka ka juya kwalin in ga baƙin. Ka ce da saura. Na yi fushi na ce Afrilu na zuwa, ko a Winnipeg ma bayan kwali za su ba ni? Ka ce in na daina roƙo, ranar za ka juya. A Asabar ɗinmu ta ƙarshe ban roƙa ba, na manta ma da zancen. Muna kulle ƙofa ka ce, "Mako mai zuwa." Kwana uku bayan nan Luba ta kira ni.

Ba zan ɓoye ba, na ji haushinka. Ka ja ni har bakin ruwa ka tafi ka bar ni.

Bayan jana'iza aka taru a zauren sama, aka ci pirogi, wato ƙullin fulawa mai dankali a ciki, da soyayyar albasa da naɗin kabeji, mata suna ta ɗora tukunyar gahawa. Wes ya ja ni gefe ya ce kada in damu, za su janye sunan Verba bana, kowa zai fahimta. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma wani sashe na zuciyata ya ji daɗi. A ɗaya gefen ɗanka Taras, wanda ya zo daga Calgary, yana gaya wa mahaifiyarsa zai sa a yi wa bindigar akwatin gilashi ya rataye ta a falonsa. Yaro ne mai son ubansa, abin tunawa yake nema. Luba ta ajiye cokali ta ce:

"Kai ma ka san abin da babanka yake cewa. In aka rataye ta, robobin cikinta bushewa suke yi, iska ta tsiyaye, ta zama sanda. Ka ɗauki agogonsa. Wannan tana da aiki ranar Asabar."

Ta faɗa tana kallona, a gaban mutane, ta yadda ba ni da wurin ɓuya.

Ranar Asabar da safe na tarar da Luba a bakin ƙofar ɗakin ƙasa, da jakar bindiga a hannu ɗaya da makulli a ɗaya. Matar da ta shekara arba'in tana cewa ba za ta taka ramin nan mai warin mai ba, ita ce ta riga ni sauka. Gunnar da Wes suna ciki, sun kunna fitilu. Na sa riga, na ɗaure maɓallai, na cika bindiga daga tukunya. Na ɗauko kwali. Hannuna da kansa ya juya shi ta baya, don ya saba. Na tsaya ina kallon farin, sannan na mai da shi ta fuska na maƙala, na tura shi mita goma.

Na kwantar da kumatuna a kan katakon bindigar, a daidai wurin da naka ya goge shi har ya yi sheƙi. Baƙin ya shigo cikin zobe, yatsana ya ƙame. Na sauke. Na ji Wes ya gyara tsayuwa a bayana, Luba ta ce masa ya bar motsi. Na sake ɗagawa, ya sake ƙamewa, gumi yana bin bayana a ɗakin da numfashi yake hayaƙi. Na ce a raina, ko za mu wuni a nan, ba zan cire rigar nan ba sai dalma ta fita. Ban san sau nawa na ɗaga na sauke ba. A wata ɗagawar na daina kallon baƙin a matsayin abin da zan ci ko in faɗi. Kwalin jiya ne, wannan farin da na saba, an ɗiga masa tawada. Na bar numfashi ya fita rabi, na jira tsakanin bugu da bugu. Sai na ji tas.

Ban ɗaga kai ba sai da na tabbata ta tafi, kamar yadda ka koya mini. Kuma ban duba ba. Na jira a tambaye ni, sai na tuna ba mai tambaya. Na faɗa da kaina, da ƙarfi: "Bakwai, hagu."

Gunnar ya jawo kwalin ya duba a ƙarƙashin fitila. Bakwai ce, hagu. Sai ya yi ɗan gurnani ta hanci, ya juya mana baya yana neman hankici.

Bakwai ba ta cin gasa, Dido, na sani, kuma akwai harbi sittin a gabana a Winnipeg. Wataƙila yatsan ya sake ƙamewa a can, a gaban jama'a. In ya ƙame zan sauke in sake ɗagawa har lokaci ya ƙare. Na gaya wa Wes kada ya kuskura ya janye sunan garin nan. Makullin ɗakin ƙasa yana hannuna yanzu, tsofaffin riguna suna kabad, duk wanda ya sauko za a ba shi ɗaya, kuma ba mai duba kwali sai ya faɗi inda ta faɗa.

Luba, uwata kuma ƙawata, Allah ya ba ki haƙurin wannan rashi, ya cike miki shirun gidan da alheri. Taras da iyalinka, Allah ya sanyaya zukatanku, ya sa ku gaji sauƙin kan mahaifinku. Ga Gunnar da Wes da duk wanda ya taɓa sa rigar aro a ɗakin nan, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Kai kuma Dido Orest, Ubangiji ya ji ƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya karɓe ka da rahamar da ta fi wadda ka nuna mana, ya ba zuciyar nan da ta gaji hutu. Kwalin da ka ce za ka juya mako mai zuwa, na juya shi.