Hannun Kulu Bai Kai Kunne Ba

Ban taɓa mantawa da Talatar da mai duba makarantu ya sa ɗiyata ta ɗora hannu bisa kai a gabana ba, kuma ba na zaton za ni manta. Ku da kunka kama aiki bana kuna jin ana ce mini Gwaggo Hajo mai kunne. To ga inda sunan ya fito.

Ni ban taɓa zama cikin aji ba sai da na haifi 'ya'ya biyar. A ajin yaƙi da jahilci na garin Isa na koyi riƙe fensir, da furfura biyu a gaban goshi. Takardar da anka ba ni can ita ta samo mini aiki a firamaren garinmu, kan hanyar Sabon Birni, a matsayin mai kula da ƙananan yara. Ni ke shara, ni ke cika randuna, ni ke raba faɗa, ni ke buga ƙarfe in lokacin fita tara ya yi. Ranar ɗaukar sababbin ɗalibai kuwa, ni ke awon kunne.

Ga wanda bai sani ba: yaranmu da yawa ba su da takardar haihuwa. In ka tambayi uwa shekarun ɗanta, sai ta ce shekarar da gulbi ya ci gonar wane. Don haka ake tsai da yaro, ya ɗora hannun dama ta tsakiyar kai, ya kamo kunnen hagu. In ya kai, hedimasta ya rubuta sunansa a rajistar aji ɗaya. In bai kai ba, sai baɗi. Ni kuwa ba ni da sassauci. Na mai da jikan mai gari, na mai da ɗiyar liman, kuma na mai da autata Kulu, tana kuka ina cewa na gaba ya matso.

To amma ba ni da wanda za ni bar wa ita a gida, sai ta riƙa bina wurin aiki. Shekara guda cur tana zaune kan buhu ƙarƙashin tagar aji ɗaya, da ƙullin gyaɗarta. Ni ina ganin wasa take da ƙasa. Ashe duk abin da Malama Rabi ta rubuta a allo, Kulu na zana shi da tsinke.

Da shekara ta zagayo, Kulu ta sake shiga layi. Ta ɗora hannu, ta ɗan karkata kai, ɗan yatsanta ya shafi saman kunne. Na ga karkatar nan sarai. Na ce, "Ta kai." Hedimasta Malam Garba ya rubuta.

Mako uku ba su cika ba Malama Rabi ta same ni bakin randa. Ta ce, "Gwaggo, ki zo ki ɗauke ɗiyarki, ta hana ni aiki. In na fara rubuta kalma, ita ta ƙarasa. Jiya na tambayi aji, kafin kowa ya buɗe baki ta ba da amsa, ta juya tana yi wa ta kusa da ita kitso."

Na ce, "Kitson ya yi kyau?"

Ta ce, "Gwaggo, da gaske nake!"

Malam Garba ya gwada ta da littafin aji biyu, ta karanta shafi uku ba tuntuɓe. Ya ce a tsallakar da ita. Sai dai a tsarin aiki, hedimasta ba ya cire suna daga rajistar wani aji ya kai wani a tsakiyar zango, sai mai duba makarantu ya gani ya sa hannu. Anka jira zuwansa.

Ranar Talata ya iso kan babur, dattijo dogo mai tabarau. Malama Rabi ta shigo da Kulu ofis, rigar makarantar yayarta na share ƙasa. Ya dube ta sama da ƙasa, abin da bai ɗau lokaci ba. Ya ce, "Wagga ce za a kai aji biyu? Yarinya, ɗora hannunki bisa kai."

Kulu ta ɗora. Tsoro ya sa ta miƙe wuya cak kamar tabarya. Tsakanin yatsanta da kunne, ana iya zura goro.

Ya cire tabarau. "Hedimasta, wagga ko aji ɗaya ba ta isa ba. Gida ya kamata ta koma. Wa ya auna ta?"

Ina tsaye bakin ƙofa da tsintsiya. Na ce, "Ni."

"Ɗiyar wa ce?"

"Tawa."

Malam Garba ya shiga gyara takardun da ba su ɓaci ba. Ni kuwa na san abu biyu ke kan tebur: kujerar Kulu da mutuncin aikina. Na jingine tsintsiya na shiga.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba za ni yi maka ƙarya ba. Ta karkata kai, na gani, na ƙyale. Wanga laifina ne, ka rubuta shi da sunana. Amma ka dubi nan." Na ɗora hannuna bisa kai, na kamo kunnena har da ɗan kunnen. "Hannun nan ya yi shekara talatin yana kai wa kunne, ba wanda ya sa ni makaranta. Ni na zo a makare, na san zafinsa. Ita ta zo da wuri, kada a kore ta don ta riga hannunta. Ka gwada ta. In ta kasa, ni da kaina za ni goya ta gida."

Malam Garba ya ce, "Gwaggo, a hankali."

Na ce, "A hankali nake, Malam. Ba ka taɓa ganin ba a hankali ba."

Dattijon ya mai da tabarau. Da ya ji ta shekara ƙarƙashin tagar aji, ya ce yaran taga ya san su, hadda suke yi, littafin aji sun ji shi har ya zauna. Sai ya ture littafin da Malam Garba ya miƙo, ya laluba aljihu, ya zaro wata takarda a ninke, ya miƙa mata ba tare da ya duba ba. "Karanta wannan."

Kulu ta buɗe, ta sa yatsa, ta ɗaga murya irin ta 'yan aji. "Dad-da-wa. Ku-ka. Man gya-ɗa. Al-ba-sa, ba ru-ɓaɓ-ɓi-ya ba." Ta ja numfashi. "Ka-da ka man-ta ka-mar wan-can ma-kon."

Malama Rabi ta toshe baki da gyale ta fice. Malam Garba ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Dattijon ya karɓe takardarsa, ya ninke, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Rubutun uwargidan nan tawa, ni kaina sai na yi da gaske. Kawo rajista."

Kafin ya sa hannu na ce ina da sharaɗi. Ya ce, "Ke da ke da laifi ke da sharaɗi?" Na ce ƙwarai. In an fita tara, a bar ta ta koma wasa cikin 'yan aji ɗaya, don kanta ne ya yi gaba, ƙafafunta na nan tare da sa'o'inta. Ya ce an yarda. Ni kuma ya ja mini kunne kan karkatar kai, na karɓa, don na cancanci haka.

Ba a ce komai ya tafi sumul ba. Bencin aji biyu ya yi mata tsawo, sai da na kai bulo ta riƙa takawa. Manyan 'yan mata sun so mai da ita mai yi musu aikin gida, na tare su bakin randa sau ɗaya, ba su sake ba. Akwai ranar da ta zo ta ɗaya a jarrabawa, ta dawo tana kuka wai haƙorinta ya fita ana mata dariya. Na ajiye sakamakon gefe, na lallashi mai giɓi.

Har yau ina awon kunne, don ba mu da abin da ya maye shi. Amma tun ranar, duk yaron da hannunsa bai kai ba, ba na cewa na gaba ya matso sai na durƙusa na yi hira da shi, in na ji wani abu in kai shi gaban hedimasta. Abin da na koya ke nan: awo na taimakon ma'aikaci ne, bai ɗauke masa duba yaro ba. Kuma manyanmu, in ka faɗa musu gaskiya tun da fari, sukan saurari sauran maganar.

Kulu tana aji uku ta sheƙo da gudu ta same ni ina shara, hannu bisa kai, ta damƙe kunne, wuya a miƙe. "Inna, duba! Ya kai!"

Na ce, "Madalla. Ki gai da shi da zuwa. Koma aji."