Ranar da Ɗana Ya Jera Takalman Anko

Ɗana na biyu bai yi magana ba sai da ya kusa shekara biyar, kuma ko da ya fara, da tsumulmula yake fitar da kalmomin kamar mai gudun su ƙare. Likita ta ce otizim ne, lalurar da ke sa yaro jinkirin magana da wahalar cuɗanya da mutane. Dangi kuwa kowa da sunan da ya raɗa wa abin, daga mai cewa iska ce sai mai cewa ni na sangarta shi. Ni dai abin da na sani shi ne Allah ya ba ni yaro mai son takalmi.

Ba sawa yake so ba, jerawa. In baƙo ya cire takalmi a ƙofar ɗakinmu a Jos Jarawa, kafin ya gama amsa gaisuwa takalminsa ya shiga layi, daga ƙarami zuwa babba, duk suna fuskantar bango. Babansa, mai sana'ar katako a kasuwar Katako, ya daina laluben nasa da safe, ya san suna can ƙarshen layi kusa da randa. Takalmi ɗaya ne ba ya shiga layin nan, nasa, wasu shuɗayen silifas. Da ya cire su sai ya danna su a hammata. Haka zai ci abinci, haka zai kwanta. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na taɓa saka su a layin da hannuna. Kukan da ya yi ranar sai da maƙwabta suka leƙo, daga nan na ƙyale shi.

Dangin mijina mutanen biki ne, wata ba ya wucewa ba a yi suna ko walima ba. Amma duk gayyatar da za ta zo mini da jelarta take zuwa: "Ki zo ke kaɗai, ki ɗan huta." Na san abin da ake nufi, su ma sun san na sani. Abin yana ci mini rai ƙwarai, don ana ƙirga 'ya'yan dangi a gabana a tsallake nawa, ba da mugunta ba, kawai an saba ba ya nan. Sai in yi murmushi in kai shi wurin maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar asalin Filato da ta yi ritaya daga koyarwa. Kullum cewa take yi da irin Hausarta, "Kawo shi, kawo shi. Yaron nan ba ta da wahala, ta fi mijina hankali."

Sai Yaya, babbar yayar mijina da ke Rayfield, ta yi jika. Aka fitar da anko, atamfa da takalmi ruwan gwal mai duwatsu, iri ɗaya sak ga duk matan dangi. Yaya ta ce kowa ta faɗi lambar ƙafarta a zauren dangi na waya. Kowa ta faɗa a bainar jama'a, ƙananan lambobi masu daɗin ji, sannan ta zagaya ta kira Yaya a ɓoye ta ce a ɗan ƙara mata. Ni ma na kira.

Ranar suna maƙwabciyata ta tafi ƙauyensu taron zumuntar mata na coci, maigida kuma motar katako ta iso masa. Ko dai in zauna a gida ina kallon ankon da na ɗinka, ko in tafi da yaro. Zuciya ta ɗebe ni, na sa masa kaftaninsa na salla muka hau keke mai ƙafa uku. Addu'a ɗaya na yi ta yi a hanya, Allah ya sa a tashi taron nan ba wanda ya ce mini, "Kin gani ko? Shi ya sa muke cewa ki zo ke kaɗai."

Duk macen da ta san biki ta san ba a barin takalmin anko a bakin ƙofa. Tunda duk iri ɗaya ne, ɓoyewa ake yi. Wata bayan tukunyar fulawa, wata ƙarƙashin mota, wata bayan janareta. Akwai masu wayon raba ƙafa, dama a gabas hagu a yamma, don kada wata ta yi kuskuren tafiya da su. Ni bayan tankin ruwa na cusa nawa, na ɗora ganye.

Cikin falo guɗa da kiɗa sun yi wa yaron yawa, ya toshe kunne. Na zaunar da shi a gefen baranda da farantin soyayyen dankali, silifas ɗinsa a hammata. Na leƙa sau ɗaya, yana nan. Na sake leƙawa, yana nan. Sai aka shigo da masa da miyar taushe, aka kuma ɗauko zancen wata da ta yi lalle har gwiwar hannu, na shagala.

Bayan la'asar hadari ya taso, irin na Jos da ba ya sallama. Mata suka miƙe a lokaci ɗaya, kowa ta nufi maɓoyarta. Ina bayansu na ji surutu ya ɗauke. Da na kutsa na fito, sai ga layin takalma tun daga matakalar baranda har bakin get. Na yara a farko, sannan na anko, suna ta ƙyalli, daga ƙarami zuwa babba. Bai bar ko ɗaya ba. Na bayan janareta, na ƙarƙashin mota, har ganyen da na ɗora wa nawa yana gefe a ajiye. Waɗanda aka raba gabas da yamma ma ya sulhunta su.

Amma rikicin da ya biyo baya ba irin wanda na zata ba ne. Matan nan gaba ɗaya suka yi dafifi a farkon layi, wurin ƙananan. Kowa tana tura ƙafa tana cewa kamar wannan ne nata. Wata amaryar ƙanen miji ta cusa yatsu, dunduniya duk a waje, tana cewa zaman falo ne ya kumbura mata ƙafa. Wata ta ce ai dama takalmin bana matsewa yake in ya sha sanyi. Can wajen get manya-manyan suna zaune ba mai ko kallonsu, maigadi ya juya baya yana tarin da na tabbata ba tari ba ne.

Yaya ta tsaya a saman matakala ba takalmi, ta dubi layin, ta dube ni. Na tsaya ina jiran maganar da na taho ina tsoro.

Sai Goggo ta fito, ƙanwar mahaifin su Yaya, wadda ta girmi kowa a wurin. Ta bi layin nan da sandarta a hankali tana duba kowane takalmi, ba ta tsaya ba sai a na ƙarshe. Ta zura ƙafa, ya zauna daram.

Ta ce, "Ni dai ƙafar ubana na gada." Sannan ta nuna Yaya da sanda. "Ke kuma me kike yi a can? Sauko nan kusa da ni, nan ne unguwarku."

Dariya ta ɓalle har masu girki suka fito da ludayi. Daga nan aka fara sulalewa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kowa tana yi kamar get ta nufa. Nawa ma ba su da nisa da na Goggo.

Yayyafi ya fara sauka lokacin da na juya neman ɗana. Yana tsaye jikin ginshiƙin baranda, ƙafa ba takalmi, hannuwansa a sake. Na dubi hammatarsa, babu komai. Na dubi farkon layi. Shuɗayen silifas ɗin nan suna zaune a tsakanin takalman 'ya'yan baffanninsa guda biyu, daidai inda girmansu ya kai su.

Wata baƙuwa daga dangin uban jaririya ta ce, "Wai yaron waye ya yi wannan aikin?"

Na buɗe baki zan ba da haƙuri, Yaya ta riga ni. Tana sunkuye tana kokawa da maɗaurin takalminta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Ɗanmu ne. Kada wanda ya taɓa masa nasa, shi zai ɗauka da kansa."

Bai ɗauka ba sai da yaran nan biyu suka zo suka ɗauki nasu. A cikin keke, ruwa yana dukan leda, na yi ta kuka ina sharewa da gefen gyale. Shi kuwa ya leƙa gaba, ya ƙura wa takalmin mai keke ido har muka isa gida.