Takalmina a Ƙofar Majami'a

Shekarar da fari ya cinye hatsinmu a Tamaske na tafi bida ƙasar Kwaddibuwa, na sauka wani gari inda 'yan Katolika ke zuwa ziyara. Majami'arsu ta fi kasuwar Madawa faɗi. A bakin ƙofarta nake sayar da ruwan sanyi, da iznin wani mai gadi da ya ja mini kunne: kuskure ɗaya, in kwashe kayana in bar wurin. Ni kuwa mutum ne mai sake alwala sau uku saboda kokwanto.

Wata rana wata madam ta sauko daga mota, zinariya har a takalmi. Ta ɗora mini wani kyandir mai tsawona, ta nuna mini cikin majami'ar. Kafin in gama tunanin ko ya halatta, har mun hau matakala. Daɓen na ƙyalli kamar madubi, ga shi kuma wurin ibada ne. Sai ƙafafuna suka yi abin da suka saba: na tuɓe takalmina na taya, na jera a gefen ƙofa.

Madam ta dubi ƙafata, ta dubi tata. Ta ɗauka ni ɗan gida ne, na san ƙa'ida. Ta tuɓe. Mijinta ma ya tuɓe, safarsa da huji a babban yatsa. Manyan mutane cike da mota guda na biye da mu, kowa ya duƙa yana nishi. Na so in hana su, amma faransancina na lakwal, na 'yan makaranta, bai kai nan ba. Kuma, Allah Ya gafarta mini, hujin nan ya yi mini daɗi.

Da na fito, takalma sun toshe ƙofa, mai gadi na riƙe da nawa yana hararata. Na fara yi wa wurin sana'ata ban kwana a zuci.

Sai ga wani tsohon limaminsu cikin riga koɗaɗɗiya. Ya karɓi takalmin, ya jujjuya, ya ce da Hausa, "Wannan yankan Madawa ne. Ɗan Adar, kai ka tuɓe mini attajirai?"

"Ranka ya daɗe, wallahi ban ce wa kowa komai ba."

"Shekara nawa ina wa'azi su bar wani abu a ƙofa, ko zobe ba su cire ba!"

Ashe ya daɗe a ƙasarmu. Ya ɗaga riga, ga takalmin taya irin nawa sak. Ya tuɓe, ya ajiye su tare da nawa, ya ce wa mai gadi kada a taɓa ni.

Wurina na riƙe har damina. Abin da ke damuna shi ne, ran nan da na zo sakawa ban iya bambance nawa da na limamin ba. Na ɗauki waɗanda suka fi cinyewa, don kada in zalunce shi. Har yau ina zargin nasa ne.